Yaya, kuɗin lefena na tafiya a sayen gem

Wani ƙaninmu ne daga Samaru ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa, ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 28, ina da ɗan shagon gyaran waya da POS, Alhamdulillah ana samun na rufin asiri. An sa min rana bayan babbar sallah, yanzu haka ina cikin haɗa lefe. Matsalata gem ce, wato wasan bidiyo, kuma ba bugawar ba, sayen. Ina da PS5, na'urar buga gem ta PlayStation, duk sabon gem da ya fito sai in ji in ban saya ba ba zan iya barci ba, akwai sama da goma sha biyar da na saya, wasu ko buɗewa ban yi ba, wasu na buga awa ɗaya biyu na ajiye. Watan jiya na kwashi adashi da niyyar atamfofi da leshi, wallahi kusan rabi ya tafi a gift kad, katin da ake sayen gem da shi ta intanet, har sai da na ci bashin manhajar nan ta waya na cike gurbin. Yarinyar ba ta sani ba, Hajiyarmu ma ba ta sani ba. In sabon FC, gem ɗin ƙwallon ƙafar nan, ya fito abokaina kowa sai turo hoto a guruf, wanda bai saya ba a yi ta masa tsiya. Na yi rantsuwa sau biyu na karya. In sayar da PS5 ɗin ne kawai in huta? Kuma wai haramun ne abin da nake yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar lafiya.

Kar ka sayar da PS5 ɗin tukuna. Na san shi ne abin da zai fara zuwa ran mutum in ya ji haushin kansa, a ɗauki na'urar a kai Sabon Gari a karɓi ko nawa aka taya a dawo gida ana jin an yi jarumta, amma ka duba abin da ka rubuta da hannunka, ka ce ba bugawar ba, sayen. Wanda buga gem ya cinye shi a guda ɗaya yake maƙalewa, akwai mutanen da tun 2013 da GTA V ya fito har yau shi suke bugawa ba su ƙara sayen komai ba, matsalarsu lokaci ce ba kuɗi ba. Kai kuma daɗinka yana farawa ne daga lokacin da ka ga tallan a YouTube, ya yi ta hawa kana lissafi kana tambayar farashin dala, ya kai ƙololuwa lokacin da ka tura kuɗi aka turo maka lambar kad ka danna saya, kafin gem ɗin ya gama sauka ma rabin ɗokin ya tafi. To wannan abin ba a cikin PS5 yake zaune ba. In ka sayar da ita yau, wayar da ke aljihunka tana nan, akwai diamond na Free Fire, akwai UC na PUBG, akwai CP na Call of Duty, akwai koyin na eFootball, duk kuɗin cikin gem ɗin waya ne da ake saye da naira, kuma can ɗin ya fi haɗari don dubu biyu dubu uku ake cira, ba ka jin zafin fitarsu sai ƙarshen wata ka duba akawun ka ga wayam. Gara wanda kake gani da idonka yana ɗaukar dubu ɗari lokaci guda, aƙalla yana razana ka.

Mu yi lissafin da na tabbata ba ka son yi. Tun da PS5 ta fito a ƙarshen 2020 manyan kamfanoni suka ɗaga kuɗin sabon gem daga dala 60 zuwa dala 70. Wannan farashi an yanka shi ne don mutumin Amurka da Turai, wanda a wajensa aikin 'yan awoyi ne. Mu kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, to ko a 1,500 ɗin ka lissafa, dala 70 naira 105,000 ke nan, ba a sa ribar mai sayar maka da gift kad ba, tunda mafi yawanmu akawun ɗin Amurka ko na Ingila muke amfani da shi dole sai ta hannunsu. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato gem guda ɗaya ya fi abin da wani magidanci yake tashi da asuba wata guda cur yana nema. Kuma ba a nan kuɗin ya tsaya ba, akwai data, wasu gem ɗin sun haura 100GB kafin a zo maganar ofdet da suke turowa kusan duk wata, ga kuɗin data an ƙara shi a farkon 2025, ga man janareto in an ɗauke wuta a tsakiyar saukewa. Kai da kake POS ka fi ni sanin mutum nawa za su zo cire dubu biyar dubu goma kana samun ɗari ko ɗari biyu kafin ka haɗa 105,000. Zauna ka raba, ka ga kwana nawa ne na zama a shago cikin ranar nan ta watan Afrilu. Wannan lambar ka rubuta ta a takarda ka manna a jikin talabijin ɗin, ba wasa nake ba.

Sannan ka daina ganin kanka a matsayin rago marar zuciya, don abin da kake fama da shi an zauna an tsara shi ne, akwai mutanen da albashinsu ke nan su gano yadda za a sa hannunka ya yi sauri fiye da tunaninka. Shi ya sa ake sakin talla wata shida ko shekara kafin gem ya fito, a ce ka biya tun yanzu za a ba ka wata riga ko wata bindiga da wasu ba za su samu ba. Shi ya sa FC yake da na dala 70 da kuma na dala 100 wanda za a bar ka ka fara bugawa kwana bakwai kafin sauran jama'a, ka ga dala talatin aka caje ka don kawai ka riga abokinka da sati ɗaya, ba a ƙara maka fili ba ba a ƙara maka ƙwallo ba. Shi ya sa in an yi ragi ake sa agogo yana ƙirgawa wai saura kwana biyu saura awa shida, alhali ragin nan zai dawo, kullum dawowa yake. Shi ya sa kuma ba sa rubuta maka farashin abubuwan cikin gem da dala, sai su ce ka sayi FC Points ko diamond tukuna, saboda in an ce maka maki 1,000 ba ka jin komai a ƙirjinka, da za a ce naira dubu kaza da ka tsaya. Masu bidiyon nan da kake kallo suna ihu suna cewa wannan ne gem ɗin shekara, da yawansu kyauta ake aiko musu, wasu har biyansu ake, sana'arsu ce, kai kuma da kuɗin leshin amarya kake bin su.

Abin da ba sa son ka riƙe a ranka shi ne gem ba ya ruɓewa kuma farashinsa ƙasa yake yi. Sayen gem a satin da ya fito kamar sayen buhun masara ne a watan Agusta, alhali da ka daure zuwa kaka ka je kasuwar Giwa za ka same shi a wulaƙance kuma masarar dai ita ce. Duk shekara a ƙarshen Satumba ake sakin FC, kafin ƙarshen Nuwamba lokacin ragin Black Friday an riga an zaftare masa farashi sosai, in aka shiga sabuwar shekara sai abin da ya ƙaru, har ta kai FIFA 22, lokacin FC yana amsa sunan FIFA, an ba masu biyan kuɗin rajistar PS Plus shi cikin gem ɗin wata a Mayun 2022, FC 24 ma haka a Mayun 2024, abin da mutane suka biya dala 70 wata bakwai takwas baya. Shagon PlayStation kusan ba a rasa wani ragi a cikinsa, ga na Days of Play wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, in kana da kwamfuta shagon gem na Steam na yin babban ragi a ƙarshen Yuni da kuma Disamba. Kuma wanda ya jira sau da yawa ya fi samun kaya mai kyau, don yanzu an saba sakin gem da gyara a jikinsa sai daga baya a yi ta faci. Ka tuna Cyberpunk 2077 a Disambar 2020, yadda duniya ta ɗauka ana ta biya tun kafin ya fito, da ya fito a PS4 ya zo da matsaloli har Sony mai PlayStation ta cire shi daga shagonta aka mayar wa mutane kuɗinsu, sai bayan wata shida ya dawo. Waɗanda suka saye shi bayan shekara biyu sun biya ƙasa da haka sun buga abin da ya fi na ranar farko nesa ba kusa ba.

Maganar FC ɗin nan da abokai ita ce ta fi tsaya min, don ina ganin a nan ƙayar take. Kai mai gyaran waya ne, ka san yadda ake fito da sabuwar waya a ɗan gyara kamara a canza lamba a ƙara kuɗi. Tun yana FIFA har aka rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23 ya koma FC 24 a 2023, abin da ke canzawa shekara zuwa shekara bai kai yadda ake zuzuta shi ba, 'yan wasa sun canza kulob, an canza riga, an ɗan taɓa yadda ake fasin da yadda gola ke faɗuwa. In kai da abokinka ne a zaune da fad biyu, abin riƙewar nan na bugawa, Madrid da Barcelona, ana zolaya ana shan shayi, na bara ma zai yi muku wannan aikin tsaf. Inda suke kama mutane shi ne Ultimate Team, sashen da kake haɗa kulob ɗinka da kanka, ka kwashe shekara kana tara 'yan wasa kana buɗe fak, wato ƙunshin 'yan wasa, da kuɗinka, Satumba na zuwa duk ka bar su a tsohon gem ɗin ba ka tafiya da ko ɗaya, a sake sabon lale. In a can kake zuba kuɗi to ka sani rami ne da ba ya cika.

Su kuma 'yan guruf, tsiyarsu ta sati biyu ce. Ka lura da kyau, bayan sati biyu da fitowar gem wa yake ƙara turo hoto? An koma musun Arsenal da Chelsea. Kuma ba mamaki a cikin masu yi maka tsiyar akwai wanda shi ma bashi ya ci, kawai dai shi bai rubuto min ba ne. Kana da amsar da ta fi ta kowa ƙarfi a hannunka, ka ce musu ni ango ne lefe nake haɗawa, wanda ya matsu in buga sabon ya saya min gudummawar biki. Dariya za a yi a wuce, ƙarshenta ma a koma tsokanarka da ango ango, wanda ya fi daɗin ji. In akwai wanda bayan ka faɗi haka ya ci gaba da yi maka gori da gaske, to ka san matsayinsa, ba shi zai raka ka gidan surukai ba in akwati ya zo babu kaya.

Yanzu abin yi. Bashin manhajar nan shi ne farko, kafin lefe kafin komai. Ruwan da suke ɗorawa a sati biyu ko wata ɗaya ya isa ya cinye ribar shagonka, ga riba ce ƙarara wadda ba sai an kira malami ya fassara maka ba, kuma wasunsu an san su da kiran lambobin da ke cikin wayar mutum suna tozarta shi in ya makara, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta far musu a 2022. Ka yi tunanin a ce saƙon ya faɗa wayar wan yarinyar ko kawunta ana saura wata biyu biki. In akwai kaset a cikin gem ɗinka goma sha biyar ɗin nan, ka ware waɗanda ka san har ga Allah ba za ka buga ba ka kai wa masu shagon gem ko ka sa a sitatus, za su tafi, ba za ka mayar da kuɗinka duka ba amma ko rabi ne ka rufe bashin ka goge manhajar daga wayarka a ranar. Waɗanda ka saya ta intanet kam sun zauna, ba a sayar da su, sai dai in akwai wanda ka saya cikin kwana 14 da suka wuce kuma ba ka fara sauke shi ba, wannan dokar PlayStation ta yarda ka nemi a mayar maka. Steam ma kwana 14 ne in ba ka buga ya kai awa biyu ba. Duba ka gani ko akwai wanda ya faɗa ciki.

Sai adashi. Kuskuren ba a zuciyarka kaɗai yake ba, kuɗi ne masu yawa suka shigo akawun ɗin da yake a wayar da lambar mai gift kad take, tsakaninka da ɓarna dannawa uku ce. In kwasarka ta sake zagayowa kar kuɗin su kwana a hannunka, ka ce wa uwar adashi ta tura kai tsaye wa yayarka ko gwaggonka, duk wadda dama ita za ta shiga kasuwa haɗa kayan, ko ka karɓa da safe kafin azahar ka shiga Sabon Gari ka mayar da su atamfa. Atamfa ba ta komawa gift kad da ƙarfe ɗayan dare. Haka ribar shago, ka raba akawun, na jari daban na lefe daban, na lefen kar ka sa manhajarsa a wayarka kwata-kwata, ya zama sai ka taka ka je banki.

Lambar mai sayar maka da kad ɗin ka goge ta, ka fita daga sitatus ɗinsa, don su ma sun iya talla, da sabon gem ya kusa za ka ga sun fara "akwai kad a farashi mai sauƙi". Na san ka iya nemo lambar cikin minti biyar, ba komai, minti biyar ɗin nake so, sau da yawa a cikinsu hankali yake dawowa. Ka shiga saitin PS5 ka kashe sanarwar ragi da ta jerin abubuwan da ka ce kana so, ka sa ya zama sai an rubuta fasuwod kafin a sayi komai, akwai wannan a ciki. YouTube da TikTok ma duk tashar da aikinta tallan sabon gem ka cire ta na wata uku, in suka turo ka danna ba ka so. Mutum ba ya kwaɗayin abin da bai gani ba, kai kuma kullum kana kwance kana kallon abin da ka ce za ka daina saya, sannan kana mamakin yadda rantsuwa take karyewa.

Ba zan ce maka kar ka sake sayen gem har abada ba, irin wannan alƙawarin ne ya karye maka sau biyu. Ga wanda za ka iya riƙewa. Duk gem ɗin da ranka ya biya, ka rubuta sunansa da kwanan wata a bayan littafin shago, ka ba shi kwana talatin. In sun cika ka buɗe ka duba, za ka sha mamakin yadda wasu sunayen za ka karanta ka rasa ma me ya burge ka a ciki. Wanda har lokacin kana so, sai ya cika sharaɗi biyu, ka gama guda ɗaya daga cikin na gida tukuna, kuma kuɗin su fito daga abin da ka ware wa nishaɗi, ba jari ba ba lefe ba. Ka yanka wa kanka wani abu kaɗan duk sati gwargwadon samunka, ka riƙa jefawa a asusu, na ƙasa ko na katako irin na da, tsabar kuɗi, ranar da ya kai ya kai, ranar da bai kai ba babu gem. Daga nan zuwa biki kuwa ni a ganina ko wannan ma a dakatar, a bar asusun ya yi ta taruwa, wata nawa ne duka-duka.

Kuma wai me za ka buga kafin nan? Malam kana da goma sha biyar! Manyan gem na labari irin su God of War ko Spider-Man ko Ghost of Tsushima kowanne yana cin wajen awa ashirin ko fiye, wasu irin Red Dead Redemption 2 sun haura hamsin, kai da kake shago daga safe zuwa dare in ka samu awa ɗaya a rana ka yi ƙoƙari, to lissafa ka gani, abin da ke ajiye a ɗakinka ya isa ya kai ka shekara ba ka sayi komai ba. Ka goge duka daga na'urar ka bar guda biyu, ɗaya na labari ɗaya na ƙwallo, saboda yawan zaɓi ma yana kashe sha'awa, mutum ya kunna ya yi ta zagaye a jerin ya rasa wanda zai shiga ƙarshe ya tafi shagon PlayStation ya duba sabo. Ka daure wa guda ɗaya ka wuce awa ukun farko, yawancinsu farkonsu ne ke da nauyi ana koya maka maɓallai, daɗin yana gaba. In marmarin sabon abu ya taso, eFootball kyauta ne tun 2021, Fortnite da Rocket League ma kyauta ne matuƙar ba ka shiga sayen kwalliya ba, a kwamfuta kuma shagon Epic na raba gem kyauta duk sati. Akwai kuma musaya, kai da abokanka ku riƙa karɓa-karɓar kaset kamar yadda ake yi zamanin PS2, wannan ma wani dalili ne da zai sa nan gaba in za ka saya ka sayi kaset ko da na hannu ne, aƙalla kadara ce kana iya sayarwa. In kuma sabon FC ne ya hana ka sukuni, gidajen gem sun cika Samaru saboda ɗaliban ABU, je ka biya na wasa biyu uku ka kashe ƙishirwar, sau da yawa za ka tashi kana cewa au dama shi ke nan?

Wani zai ce maka ka kai a yi wa na'ura kutse a loda maka gem hamsin a arha. Ban ba ka wannan shawarar ba, haƙƙin mutane ne, kuma kai da goma sha biyar suka gagare ka hamsin me za su yi maka.

Batun haramci, ni ba malami ba ne, ka samu malamin da ka yarda da shi a unguwa ka zayyana masa komai yadda ka zayyana min. Amma akwai abin da ba ya buƙatar dogon bincike. Almubazzaranci Alƙur'ani ya yi magana a kansa da kakkausar murya a Suratul Isra'i, kuma sayen abin da ba za ka yi amfani da shi ba da kuɗin da aka tanada don wajibi, har da cin bashin ruwa a kai, kai ma ka san sunansa. Fak ɗin nan kuma da ake biya ba a san abin da zai fito ba, ko a samu babban ɗan wasa ko a tashi a tutar babu, ka tambayi malamin musamman a kansa, don ko a Turai hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ne tun 2018, har EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, ta daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Rantsuwa biyun da ka karya ma akwai kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumi uku, yana nan a Suratul Ma'ida, malamin zai faɗa maka ko ɗaya za ka yi ko biyu. Ka sauke wannan nauyin, kuma dan Allah ka daina rantsuwa a kan abin da tsari yake buƙata.

Hajiya kuma ka faɗa mata. Ba sai ka kawo mata sunayen gem ba, ka ce Hajiya na taɓa kuɗin adashi na yi wauta da su, ga abin da ya rage ga yadda zan cike, ina so daga yau kuɗin lefe su riƙa zama a wajenki. Za ta yi faɗa, ƙila ta kwana biyu tana maimaitawa, amma gara ta ji daga bakinka yanzu da a zo ana saura sati uku 'yan uwa mata su buɗe akwati su fara ƙirga turame ana kallon-kallo. Ita yarinyar ba dole ne ka kai mata rahoton bashin da ka riga ka biya ba, amma in abin zai taɓa yawan kaya ko ranar kai lefe to ta ji da wuri ta bakinka, kuma ko ba komai ta san mijin da za ta aura yana buga gem kuma yana da rauni wajen sayensa, tunda gida ɗaya za ku zauna, gobe kuɗin cefane ne za su zauna a wannan akawun ɗin, ita ce za ta fara ganin alama kafin kowa.

Ka gwada wannan wata biyu. In a ciki ka sake cin bashi saboda gem, ko ka taɓa jarin POS wanda shi kuɗin mutane ne ke yawo a ciki, to a lokacin na yarda a raba ka da na'urar, amma ko a nan ba sayarwa cikin fushi ba, ka naɗe ta ka kai gidan yayarka a kulle a durowa sai bayan biki, ka goge gem ɗin waya masu sayen diamond a rana ɗaya. In kuma ka ga abin ya wuce saye ya koma kana rufe shago da rana don ka buga, ko sallar asuba na wuce ka a kai a kai, ko ba ka iya barci, wannan wani babi ne daban, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka tun 2019, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, zuwa wajensu ba hauka ba ne.

Satin da sabon FC zai fito shi ne zai fi yi maka wuya, don haka tun kafin ya zo ka sa guruf ɗin a shiru na sati biyu, ka tabbatar babu kuɗi masu kauri a akawun ɗin wayarka a kwanakin, kuma ka shirya da wanda ka san zai saya ko ana ha-maza ha-mata cewa ranar Juma'a da daddare kana nan zuwa da fad ɗinka, shayi da burodi a wuyanka.